Guzurin Ladan

Ladan, zauna nan bakin Rima,
kifin Kwalkwalawa na ƙara a kasko.
Tunda jibi kai za ka kai samfurin jar fata
garin nan da na taka bara,
bari in ɗaure maka guzurin da ba ya shiga jaka.

Garin, ƙanena, titinsa ruwa ne.
Ba kabu-kabu, ba jaki, ba hayaƙin mota.
Ƙofa kan buɗe, sai ka ga kwalekwale
ɗaure a bakinta kamar ragon layya.
Gidajen sun tsufa tsaye cikin ruwa
har gansakuka ta sa musu lalle a ƙafa.

Ranar farko dariya ta kama ni:
ruwa hagu, ruwa dama,
ni kuwa na rasa inda zan yi alwala.
Ashe ana kwana da ƙishi gidan Sarkin Ruwa.
In ka sayi gorar sha, kar ka yar in ta ƙare,
ita ce butarka har ka komo Sakkwato.

Kilishin da Hubba ta naɗe mini,
tun filin jirgi sunka karɓe shi, kar ka ɗauka.
Dabino ya wuce lafiya.
Can za ka ga nama ja, an yanka shi siriri kamar ganye:
kauda ido, ba naka ba ne.
Miya ma, tambayi abin da anka zuba,
giya kan ɓuya a tukunya kamar gishiri.
Mai tambaya ba ya ɓata.
Wata tsohuwa mai dafuwa, da na girgiza kai sau biyu,
ta wanke kasko a gabana,
ta soya mini kifi da man zaitun,
ta tsaya sai da ta ga na kai loma.

Alƙibla ce ta ba ni wuya.
Lungu ya haifi lungu, gada ta miƙa ni ga gada,
waya ta mutu, rana ta ɓuya bayan soraye,
La'asar tana neman kuɓuce mini.
Sai wani mai tallan laima
ya dubi goshina, ya dubi agogo.
Bai jin Hausa, ban jin nasa.
Ya yage kwalin kayansa,
ya shimfiɗa mini bayan shago,
ya nuna da haɓa: can.
Raka'a huɗu, ƙararrawa na bugawa bisa kaina,
tantabaru na kewaya takalmana,
ba wanda ya ce mini tashi.

Kashegari na ga jaka cikin gilashi,
kuɗinta ya isa sayen awaki ashirin a Kara.
Na shiga, na shinshina a ɓoye.
Ko zato ne, oho, na ji bagaruwa,
na ji hannun Baba cikin kwatarniya.

To, ga wannan darduma.
Ba taka ba ce.
Daga kasuwar kifi ka ƙirga gada uku,
in an yi ruwa, za ka gan shi da laimominsa.
Ban tambayi sunansa ba, wauta ta hana.
In ba ka same shi ba,
ba duk wanda ka ga yana duban agogo da La'asar.

Tashi, an kira Magariba.
Nan dai buta ba ta wuya.