Ni da Hadari, Kafin Rana Ta Yi Ƙarfi

Ina sallame asuba, tun ban naɗe buzu ba,
sai in ji sarƙa tana motsi a bayan sito.
Hadari ke nan. Ya fi agogon Alhaji sanin lokaci.

Tsayinsa ya kai min ƙugu,
kai kamar turmi, ƙirji irin na ɗan maraƙi.
Don gadin buhunan gyaɗa aka kawo shi Zongo.
Shekara guda yana ɗaure:
ya cinye ƙyauren katako, ya tone gindin katanga,
unguwa ta ce mugu ne.
Lawandi, likitan dabbobi, ya dube shi, ya dube ni.
"Baba Nomau, ba mugunta ba ce,
ƙarfi ne ya rasa mafita.
Ruwan da aka toshe wa hanya, gida yake ci."

Tun ranar muke fita.

Igiya gajera a hannun dama,
gorar ruwa a kafaɗa, da tsohon kwanon da shi kaɗai ke sha.
Cikinsa wayam. Ba a gudu da tuwo a ciki;
abinci sai an dawo, sai haki ya kwanta.
Mukan bi ta bayan Birni,
inda duwatsu suka gurfana kamar raƙuman da aka manta,
mu fara a hankali, ni da gwiwata, shi da hancinsa.
In muka hango ƴan lakwal, ko mai koro awaki,
sai in taƙaita igiya, in ce, "Zauna."
Ya zauna, yana rawar jiki kamar tukunya a kan wuta,
amma ya zauna.

Sai a fili, can inda ba gida ba garke,
nake ƙara masa doguwar igiya,
in jefa guntun taya, ya ɗauko, in sake jefawa.
Da gabas ta yi ja, nakan ɗora bayan hannu a kan dutse.
In ban iya ƙirga bakwai ba, mun juya.
Ni ina da takalmi. Shi fa?

Bazarar bara zazzaɓi ya kwantar da ni.
Harisu, ɗan Alhaji, yaro mai kirki da gaggawa,
ya ce bari ya taimaka.
Ya ɗaura igiyar a bayan moto, da azahar,
ya hau kwalta, hanyar Mirriya.
Kare ba ya cewa na gaji.
Yana bi har sai ƙafa ta ƙi.

A amalanke aka dawo da shi,
harshe waje, ido ya juye, tafin ƙafa ya saɓule.
Cima, jikata, ba ta jira kowa ba.
Jarka biyu da ta kwana a layin famfo kafin ta samu,
a garin nan da ruwa ya fi goro daraja,
ta ja shi inuwar bedi,
ta riƙa zuba masa a ciki, a wuya, a hammata,
tana yi masa fifita da faifai
har Lawandi ya iso.
Daren nan da taimama muka yi isha'i.

Ya tashi. Wata guda yana ɗingishi.
Harisu kuwa yanzu shi ke ɗaukar gorar, ranar Lahadi, a ƙafa.

In mun dawo nakan zauna bakin sito,
in ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya,
in cire tsidau da ƙarangiya tsakanin yatsu.
Sannan in wanke hannu da ƙasa da ruwa, in sauya riga.

Furfura ta fara fito masa a haɓa.
Dutsen da yake tsallakewa da, yanzu kewaye shi yake,
ni ma ban ce masa komai ba.
Jiya ma a hawan tudu shi ya tsaya,
ya waiwayo,
yana jira na.