Masaƙin Banaras a Garwa

Gyaran injin masaƙa ya kawo shi,
Nizamuddin, ɗan Banaras,
faratansa duk baƙin mai.

Ran Lahadi muka gangara bakin Binuwai.
Ya ce, "Namu kogin matakala gare shi,
dutse bisa dutse har cikin ruwa.
Ladan na kira, ƙararrawa na amsawa.
Maƙwabta su ɗora fitila kan ganye,
su sake ta, ruwa ya tafi da ita.
Can gaba hayaƙin gawa ke tashi,
ba dare ba rana."

Na ce, "Subhanallahi!"
Ya murmusa: "Su ke sayen alharinin kakana.
Wata shida kan mayafi guda,
zaren zinariya, ɗawisu a gefe,
amaryar da ba ta san sunansa ba ta yafa."

Ya zaro ƙyalle daga aljihu,
bai kai tafin hannu ba.
Sai na tuna ƙoshiyar babana
a saman zaure, gara ta ci rabi.

Dorina ta yi atishawa tsakiyar ruwa.
Nan muka yi alwala,
na ja da baya, ya shige gaba.