Zakaran Fitowa

Ran Lahadi na je Fitowa, kasuwa ta cika maƙil,
Na ga zakara ja, zanko a tsaye, ƙafa kamar taɓarya.
Mai shi ya ce jaka uku, na taya biyu da rabi,
Ya sallama nan take, har da kyautar igiya.
Saurin nan bai dame ni ba.

Na ɗaura shi a babur, muka bi gindin Tingilin,
Yana lumshe ido, na ce rana ce da iska.
Na kai wa Gwaggo Daso, na ce ga iri na samo,
Bana sai kin ƙara akurki.
Ta ɗaga fiffikensa, ta shinshina bakinsa,
Ta ce, "Tanimu, baƙo mako biyu yake yi a zaure,
Da kaskonsa daban, da ruwansa daban."
Na ce to. Tana shiga ɗaki na kwance masa ƙafa,
Ban ji maganarta ba.

Kwana huɗu bai yi cara ba.
Ran na biyar Fingi ta ƙi tsaki,
Kashinta kore kamar tsinkakkiyar miyar kuka,
Wuya ya murɗe, tana duban sama kamar mai neman wata.
Muka jiƙa sassaƙen maɗaci, muka daka barkono,
Na sayo kafso ja da rawaya wurin mai tebur,
Cutar na bin su ɗaya ɗaya kamar mai karɓar haraji.
Ashirin da bakwai. Da hannuna na ƙirga.
Na haƙa rami zurfin ƙugu bayan kuɓewa,
Kada kare ya tono ya raba wa maƙwabta.
Gwaggo na zaune tana ɓarar gyaɗa.
Da ta zage ni, da na sami barci,
Amma ba ta ce uffan ba.

Durgu kuwa mun daɗe da yi mata ta'aziyya,
Mun ce tunku ne, tun kafin zuwan baƙo.
Ashe tana can ƙetaren darni, cikin tarin kara,
Ta kwanta kan ƙwai goma sha ɗaya,
Ta rame, ƙirjinta ya tsige, ido kamar garwashi,
Na miƙa hannu ta sare ni, ban ji haushi ba.

Da dare Gwaggo ta ce in kunna fitilar waya.
Ta dunƙule hannu, ta ɗora ƙwai a kan haske:
"Ka ga jijiyar nan kamar saƙar gizo? Da rai.
Wannan fayau yake. Wannan bara-gurbi, kai shi nesa."
Tara suka tsaya.
Ranar ashirin da ɗaya na ji ana ƙwanƙwasa daga ciki,
Baƙin da ba su san an yi annoba ba.

Muka ƙone tsohon akurki, muka zuba toka,
Hamajam ya zo daga Garwa da kularsa mai ƙanƙara,
Ɗigo ɗaya a ido ɗaya, dala biyar kowane kai.
Ya ce, "Wannan in ta shigo ba ta jin magani,
A ƙofa ake tare ta. Bayan wata huɗu zan dawo."
Gwaggo ta kwance haɓar zane ta biya,
Na sa hannu a aljihu, ba ta ko dube ni ba.

Da 'yan tsakin suka yi fiffike, shida mata,
Ta kira ni, ta ƙirgo min jaka uku,
Ta ce, "Jini ɗaya ba ya yin garke. Koma Fitowa."

Yanzu ga shi a zaure, baƙi ne mai wuyan zinariya.
Ina ja masa layi da gawayi jikin bango,
Yau layi goma sha uku.
Tun asuba yake cara, matan na amsawa daga ciki,
Yana jan igiya yana harara ta.
Yi haƙuri, maigida, saura kwana ɗaya.
Ban kwance shi ba.