Shafin Ƙarshe

Kakana Filimon ya sauka Ƙauran Namoda
ba don ya zaɓa ba:
nan dogo ya ƙare, nan guzuri ya ƙare.
Akwatin kwano ɗaya, irin doya a tsumma,
da Damaris, cikinta wata bakwai.

Doyar ta ƙi ƙasar, ta ruɓe kafin marka.
Maƙwabci, Malam Ɗangaladima, ya auno gyaɗa tiya biyu:
"Ka biya in kaka ta yi."

Ran Lahadi su huɗu ne 'yan Metodis a garin.
Gindin tsamiya, turmi a kife ne bagadi,
guntun ƙarfen dogo ne ƙararrawa.
Awaki sun fi mutane halarta.

Yau na buɗe Littafinsa ta baya.
Tawada ta koma ruwan goro.
Afiniki, ta rayu.
Sila, kwana tara.
Sai wani suna da gara ta ci rabinsa,
babu sauran mai ƙarasa mana.

Can ƙasa, da fensir, da Hausarsa mai ɗingishi:
"Tiya biyu. Na kai, ya ƙi karɓa."

Bara muka sayar da gonar.
Wannan layin kam
ban san ƙofar da zan kai shi ba.