Gudu a Wuri Ɗaya

Talata ce, bakwai saura kwata na yamma,
rana a Tockwith ta ƙi tafiya gida.
Na yi La'asar a gefen but ɗin mota,
kan ciyawar da tumaki suka yi wa aski.
Magariba sai wajen goma saura,
akwai sauran fili.

Na kafe ƙafar baya a maƙalin ƙarfe,
na hau sirdi, na soma juya feda.
Taya na kuka, ba inda za ni.
Shingen da ke gabana bai matso ba,
saniyar da ke leƙe ta bayansa
tana tuƙa, tana kallon ikon Allah:
mutum da furfurarsa
yana gudu a wuri ɗaya.

Minti biyar na farko lallashi ne.
Gwiwar hagu ta kwana a tsaye
a ɗakin hoton ƙashi na asibitin York,
dole in gaishe ta tukuna.
Ina gajiya? Ta ce ba gajiya.
Ni da ita mun san ƙarya take.

Rumasa'u ta zo da fil huɗu a baki,
za ta manna mini lamba sha bakwai.
"Baba, ka tsaya cik,"
da Hausarta da ta sha ruwan Yorkshire.
Fil na uku ya sami nama,
na ce wash, ta ce ai ni na motsa.

Na ƙara giya.
Sarƙa ta yi ƙas, ta hau haƙorin gaba.
Jini ya fara zaga unguwannin
da bai leƙa ba tun safe,
sha-raɓa, cinya, gadon baya.
Zufa ta farko ta ɗiga kan ƙarfe,
ta biyu ta shiga ido.

Da Malam Sallau zai gan ni!
Shi da yake ɗaura buhu biyu na auduga
a bayan Raliyarsa, daga gona har Malumfashi,
ɗumama jikinsa bismilla ce
da tofi ɗaya a tafin hannu.
Zai ce, kai Tanimu, har kuɗi ka biya
don ka gaji, ka dawo inda ka tashi?
Fam biyar, Baba. Har da shayi a ƙarshe.

Yanzu sai zafi-zafi, irin na maƙera:
daƙiƙa talatin, kai a ƙasa,
agogon hannu yana ƙirga bugun zuciya,
ɗari da hamsin, ɗari da sittin da takwas,
baki ya yi ɗanɗanon tsohon kwabo.
In sassauta. In sake.
In sassauta, huhu yana zagina.
Sau uku, ba ƙari.
Wanda ya ƙone itacensa wajen hura wuta
da me zai dafa tuwon?

Mil goma ne kacal,
kowa shi kaɗai, minti guda tsakani.
Ba na bin kowa bashi a wannan titi
sai Tanimun makon jiya,
da minti ashirin da shida da daƙiƙa arba'in da ɗayansa,
yana can yana jirana a shataletale,
inda iska ke juyowa ta mari fuska.

Na kwance taya, na matsa ta da yatsa.
Kurɓi biyu na ruwa. Na gangara.
Sha shida ya riga ya zama ɗigo.

Tsoho Harker, agogo a hannu, biro a kunne,
bai ɗago ba, ya ce saura talatin.
Maureen ta kama sirdi ta baya,
ƙafafuna biyu suka bar ƙasa,
nauyina duka a hannun wata.
Rabona da haka tun ina shekara bakwai,
a lungun bayan injin niƙa,
ran da na waiwaya in ga ko yana riƙe
na tsinci kaina a kwata.

Biyar. Huɗu.
Hannunta yana ɗan rawa.
Uku.
Yau ba zan waiwaya ba.