Layi na Sha Ɗaya

Ƙarfe biyar na asuba na ari motar Ofelia,
don a Yuma, cikin watan Yuli,
wanda ya jira hantsi shi ya so.
Sifana uku, guduma, tsumma,
da galan ɗin ruwan da ya kwana a firiza.

A-kori-kurata mako biyar tana tsakar gida,
baki buɗe kamar mai jiran likitan haƙori.
Giyabos ne. Ta uku ta daina shiga,
ta huɗu ma sai da lallashi.
A shago suka ce dala dubu biyu.
Na ce su gai da gida.

Tsoho Wendell na bakin ƙofa, fanka na kaɗa masa gemu.
Ya karɓi dala biyu, ya buga mini tambari a bayan hannu.
"Layi na sha ɗaya, can ƙurya, akwai irin taka, shuɗiya.
Ƙwanƙwasa kafin ka buɗe, rina sun tare a ciki.
Maciji kuma ba ya biyan kuɗin shiga."

Na tura baro tsakanin gawarwaki.
Wata ba ido, wata ba ƙafa,
wata an yashe mata ciki tas, sai kujera ɗaya
tana jiran wanda ba zai dawo ba.
Shuɗiyar na kan tsofaffin rim, goshinta a lotse,
amma ƙasanta lafiya lau.

Na kwanta.
Tsakuwa ta rubuta sunanta a bayana.
Noti na farko ya zo da girma da arziki,
na biyu ya yi gardama,
na uku tsatsa ta aure shi shekara talatin,
ba ya son jin zancen saki.

Kafin goma rana ta sauko da kanta.
Sifanar da na manta a fili ta cije ni a tafin hannu.
Ƙanƙarar galan ta zama ruwan shayi.
Gumi na shiga ido, baƙin mai na shiga baki,
kawalwalniya na rawa a kan rufin motoci
har na ga kamar za su tashi su tafi.

Sai ga takalma biyu a gefen kaina.
"Kai kaɗai za ka sauke wannan?"
Eulalio sunansa, madubi ya zo nema wa tasa.
Bai tambayi nawa ba. Ya ajiye hula, ya shigo inuwar,
ya miƙo mini bututun da ya ƙara wa sifana tsawo.
Noti ya yi ƙara, ya saki.
Muka tare ƙarfen da ƙirji biyu,
muna zagi cikin harshe biyu.

Da muka jawo shi haske na goge shi da tsumma,
sai ga rubutu da fenti ruwan ɗorawa:
Rufus, Yuli, da wata shekarar da ta goge.
Ashe ba a cikin shuɗiyar aka haife shi ba.
Wani ya taɓa kwanciya yadda na kwanta,
a wata makabartar, cikin wani zafin.

Wendell ya ce ɗari da tamanin,
in bai yi ba kar in dawo masa da kuka.

Dare uku ina ƙarƙashin tawa,
Itzel na riƙe da tocila, tana haska ko'ina
ban da inda nake so.
Kafin mu ɗora, ta ɗauko jan farcen uwarta,
ta rubuta sunana ƙarƙashin na Rufus, a karkace.

Asubar Lahadi muka hau titin gonakin dabino.
Ta ɗaya. Ta biyu.
Na riƙe numfashi, na taka kuloci.
Ta uku ta shige kamar ba ta taɓa yin fushi ba.

Akwai noti ɗaya a aljihuna har yau.
Ban san gurbinsa ba.
Ban gaya wa Ofelia ba.