Gonar Gilashi

Babana a Soba da buhu yake auna taki,
ya watsa da hannu, ya bar saura ga Allah da damina.
Ni kuwa a Barnawa, ciki da falo a saman bene,
gonata taƙi huɗu ce, cikin gilashi,
da sirinji nake ba ta ci.

Ɗigo bakwai ran Talata.
Na taɓa yin sha biyu don zumuɗi,
kwana uku gansakuka ta yi mini sallama,
ta shimfiɗa koren zanenta a bango
har kifayen suka koma jita-jita.
Da tsohon katin banki na kankare ta, ina tsaki.

Ganye in ya yi rawaya magana yake,
sai dai ba ya ɗaga murya.
Istifanus mai kifi na Sabon Tasha ya ɗaga shi ga haske
kamar likita da hoton ƙirji,
ya ce, sinadarin ƙarfe ya rasa.
Na yi dariya.
Abin da nake faɗa wa masu ciki ke nan a wurin awo.

Ruwan famfo sai ya kwana a bokiti
warin magani ya fita tukuna.
Ran Asabar in zuƙe sulusin tsohon da tiyo
in sauke wa Lantana ta ƙasa.
Ta rantse barkononta bai san 'ya'ya ba
sai da ya ɗanɗani kashin kifina.

In aka ɗauke wuta injin iska ya yi shiru,
kumfa ta tsaya, barcina ma ya tsaya.
In tashi da kofi, in kamfata, in sheƙo daga sama
kamar mai shayin bakin tasha,
har ladan ya cece ni, ko masu wuta su tuna da mu.

Jiya na dawo daga aikin dare, ƙafa a kumbure.
Ban cire takalmi ba na durƙusa.
A gefen wani ganye da na fid da rai da shi
'yan ƙwayoyin iska sun jeru,
suna tashi ɗaya bayan ɗaya.
Dodon koɗi na bin gilashi da sharar da ba wanda ya sa shi.

Baba, da kana nan da ka ce,
gonar da ba a ci, me ake da ita?
Ban da amsa har yanzu.
Almakashi na ɗauka na rage wa ciyawar baya tsawo,
kan da na yanke na cusa cikin tsakuwa.
Ya kama ko bai kama ba,
sai Talata.